Filin Aikin Hannu: Rinin da Ke Zuba, Baƙin Fata, da Fitilar Ƙwarya

Assalamu alaikum, masu karatu. Yawancin wasiƙun wannan wata a kan rini suke, saboda haka shi muka ba fili mafi girma, sauran kuma muka ɗauki waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa. Duk inda muka ce cokali, cokalin cin abinci muke nufi, a shafe ba a tule ba. Waɗanda ba su ga tasu ba su yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA, daga wata uwargida a Gwammaja: Na sayi kala shuɗiya da soda (mai ƙuna, ta masu rini) da haidiro (farin garin kemikal na rini), na ɗaure farar shadda yadi biyar na rina. Da na fito da ita ta yi kyau, amma wanki biyu kacal ta koɗe, ruwan wankin kuma ya ɓata mini wasu kaya. An ce in zuba gishiri, na zuba, ba ta canja zani ba. Ina matsalar take?

AMSA: Hajiya, gishiri ba zai yi miki maganin wannan ba. Yana da amfani a wasu nau'o'in rini, amma irin wanda ake haɗawa da soda da haidiro ba da gishiri yake kama yadi ba. Garin kalar nan ba ya narkewa a ruwa shi kaɗai. Haidiro ce, da taimakon soda, take juya shi ya narke har ya ratsa cikin zaren auduga. In aka fito da yadin iska ta buge shi, sai kalar ta koma yadda take tun asali, wato wadda ruwa ba ya narkarwa, ta maƙale a cikin zaren. Duk kalar da ba ta narke ba kuwa, a bayan zare take kwanciya, ita ce kike gani tana bin ruwan wanki. To, abin dubawa shi ne me ya hana ta shiga.

Ki fara da yadin kansa. Ba kowace farar shadda ce auduga zalla ba. Da yawa an gauraya su da zaren roba, shi kuwa wannan rini ba ya kama roba ko kusa. Ki zare 'yan zaruruwa daga bakin yadin ki kunna musu ashana. Auduga tana ci da sauri, tana warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi da za ki murje da yatsa. Mai roba narkewa yake, ya yi baƙin hayaƙi, ya dunƙule ya yi tauri. In za ki sayi na rini a Kantin Kwari, ki faɗa wa mai shagon cewa rinawa za ki yi, ki roƙi ɗan ƙyalle ki gwada kafin a yanka miki.

Sai sitaci. Sabuwar shadda tana zuwa da sitaci da maiƙon da ke sa ta sheƙi, su kuwa katanga ce tsakanin kala da zare. Ki jiƙa ta a ruwan zafi da garin sabulu rabin awa, ki cuɗa, ki ɗauraye sau biyu. In ta bushe ki ɗiga mata ruwa: in ya tsaya a sama yana gangarawa, ba ta fita ba, a sake wankewa.

Abin da muka fi zargi a naki aikin shi ne haidiro, don ita ce ta fi saurin mutuwa. Mai rai fara ce, garinta warwar. In ta sha iska da danshi sai ta dunƙule, ta ɗan yi rawaya, ƙarfinta ya tafi, kuma ta haka ake sayar wa mutane ita a ƙulle a leda bayan ta yi watanni a shago. Ki sayi daidai wadda za ki yi aiki da ita, ragowar ki zuba a kwalba mai murfi ki ajiye a busasshen wuri. Kada ruwa ya taɓa ta a ma'ajiya, don tana iya ɗaukar zafi da kanta.

Ga awon yadi biyar: ruwa lita 10, kala cokali 3, soda cokali 4, haidiro cokali 6. A bahon roba za ki haɗa. Tukunyar alminiyam soda tana cin ta, rinin ma ya lalace. Ki dama kalar daban da ɗan ruwan ɗumi har gudajin ya mutu. Ki narka sodar daban a ruwan sanyi lita ɗaya, kuma sodar ake zubawa a cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a kwara ruwa a kan soda, don tana tafarfasa ta fallatso. A bahon ki haɗa tafasasshen ruwa lita biyar da na famfo lita huɗu, ki zuba ruwan sodar, zafin zai ɗan haura digiri 60, ki jira ya sauko wajen 55 zuwa 60, wanda shi ake so. Ruwan da ke tafasa ƙone haidiro yake yi kafin ta yi aikinta. Ki zuba damammiyar kalar, ki barbaɗa haidiro a ƙarshe, ki juya a hankali da sanda ba tare da kin tayar da kumfa ba, ki rufe minti 10 zuwa 15.

Nan ne mutane ke gaggawa. Kafin ki saka shaddar, ki tsoma ɗan farin ƙyalle. Ruwan da ya nuna ba launin garin yake nunawa ba. Na shuɗin baba yakan koma kore-kore mai ratsin rawaya a ƙarƙashi, sauran kaloli kowace da irin juyinta. Ƙyallen zai fito da wannan baƙon launi, ki riƙe shi a iska, a gaban idonki zai rikiɗe zuwa shuɗi. In ya fito da shuɗinsa tun daga cikin ruwa bai canja ba, haɗin bai nuna ba: ki ƙara haidiro cokali ɗaya ki sake jira.

Yadin ya shiga da danshinsa, a matse. Ki danna shi ƙarƙashin ruwa ki riƙa juya shi a can ciki minti 15. Duk inda ya leƙo sama zai yi dabbare-dabbare. Ki fito da shi ki matse a bakin bahon a hankali, ki shanya a inuwa minti 20, ki ɗauraye da ruwan sanyi tun yana ɗaure, sannan ki kwance. Bayan ya sake shan iska sai wanki na ƙarshe, wanda yawancin masu koyo ke tsallakewa don tsoron kada kala ta tafi: ruwan zafi da sabulu, minti goma. Abin da zai fita a wannan wanki dama ba zai zauna ba, gara ya fita a bahonki da ya fita a jikin mai saye. In shuɗi mai duhu kike so, ki tsoma sau biyu ko uku da shan iska a tsakani. Ninka garin kala ba ya ƙara duhu mai ɗorewa, zuba yake ƙarawa.

Ɗaurin kuma a yi shi da zaren buhu ko tsagin tsohon tiyub na keke, a ja tamau. Zaren ɗinki na auduga shan rini yake, ya kai shi har inda kike son ya zauna fari.

Muna roƙonki, wannan aiki a tsakar gida ake yin sa ba a ɗaki ba, da safar hannu ta roba mai kauri, yara kuma suna nesa. In soda ta fallatsa a ido, a yi ta kwarara ruwa minti 15 sannan a tafi asibiti. Bahon da cokalin sun zama na rini har abada, ba sa komawa kicin. Ita kuwa shaddar da ta koɗe, in gwajin ashana ya nuna auduga ce, ki wanke ta ki sake rinawa, za ta karɓa.

TAMBAYA, daga wani ɗalibi a Kabuga: Ina son in yi rinin baba na gargajiya irin na Ƙofar Mata, ba na kemikal ba. Na zuba ganyen baba da toka a durom, yau kwana goma, sai wari kawai yake, ƙyalle kuma ba ya kamawa. In zubar ne?

AMSA: Kada ka zubar tukuna, ƙanenmu. Ka ɗauko aiki mai daraja. Marinar Ƙofar Mata ana danganta kafuwarta da shekarar 1498, a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kuma lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, rinannen tufa na cikin manyan hajojin da ya tarar garin yana fitarwa har tsallaken Sahara. Duk wannan ba da haidiro aka yi shi ba. Aikin da haidiro ke yi cikin minti 15, ƙananan halittun da ido ba ya gani ne ke yin sa a ramin rini cikin kwanaki, suna cin ganyen suna zuƙe iskar da ke cikin ruwan. Naka aikin shi ne ka shirya musu wurin da za su rayu, su kaɗai, ban da masu ruɓar da abu.

Abu biyu ke raba nuna da ruɓa: ƙarfin ruwan toka da ɗumi. Ka tsoma yatsu biyu ka murza. In ka ji ɗan santsi, ƙarfin yana nan. In ka ji kamar ruwan famfo, ga kuma warin ruɓaɓɓen abu, tokarka ta yi rauni. In kana iya samun takardar gwajin pH, mai auna ƙarfin ruwan toka, a shagunan kayan kimiyya, tsakanin 10 da 11 ake nema. Ƙasa da haka ruɓa, sama da haka sosai kuma halittun sun kasa aiki, ruwan ya zauna shiru ba wari ba kama.

Ba a watsa toka haka nan daga kowane murhu. Ka nemi tokar itace tsantsa, wadda ba a ƙona leda ko shara a cikinta ba. Gidajen burodin da ke gashi da itace suna da ita. Kwano ɗaya na toka a ruwan zafi lita 20, a juya, a bar shi ya kwana, a tsiyaye na sama. Da wannan ruwa ake jiƙa baban, kilo ɗaya na busasshen dakakken ganye ga lita 10 zuwa 15. Ga durom ɗinka da ya riga ya yi kwana goma, ka narka kanwa cikin tafin hannu ɗaya a ruwan ɗumi ka zuba, ka juya, washegari ka sake murzawa. In santsin bai zo ba ka ƙara rabin haka. Marina suna da katsi, wato laka da ke taruwa a gindin rami, wadda ake kwashewa a cura a busar a ƙone a mayar cikin sabon haɗi. In ka je Ƙofar Mata da ladabi ka yi bayanin abin da kake koyo, ka roƙi ɗan katsi da ruwan ramin da ke aiki ko da kwalba ɗaya ce. Wannan kwalba za ta rage maka kwanaki, don da halittun da kake nema take zuwa.

Ɗumi kuwa, shi ya sa ramukan suke cikin ƙasa: zafin rana da sanyin dare ba sa jujjuya su. Durom ɗin roba da ke tsaye a fili a lokacin hunturu yana iya yin wata bai motsa ba. Ka binne rabinsa a ƙasa, ko ka naɗe shi da buhuna, ka rufe bakinsa da faifai ko murfi mara matsewa. Ka juya da muciya sau ɗaya ko biyu a rana, tun daga gindi, a hankali. Da bazara sati ɗaya zuwa biyu yakan isa.

In ya nuna ba sai an faɗa maka ba. Saman ruwan zai yi wani yanayi mai walƙiya ja-ja, kumfa shuɗiya ta taru a tsakiya in ka juya, ƙarƙashi kuma kore mai rawaya. Ka rataya kwando a ciki don kada yadi ya taɓa lakar gindi. Tsomawa minti biyu zuwa biyar, shan iska kamar haka, a yi ta maimaitawa. Shuɗi mai haske sau uku ko huɗu ya isa, mai duhu sosai sai an haura sau goma sha biyar. In ya fara rauni ka bar shi ya kwana, ka ba shi dusa cikin hannu ɗaya. Lokacin zubarwa shi ne in ya yi baƙi ƙirin, ya yi yauƙi, kuma kwana huɗu bayan gyaran toka warin bai sauya ba.

Wani abu da masu koyo ke ruɗewa a kai: sheƙin da kake gani a jikin turkuɗi da rawunan 'yan Kura ba daga rami yake ba, aikin mabuga ne. A kan gungume ake bugun tufar da manyan sanduna, a buga mata garin shuni har ta yi ƙyalli. Shi ya sa take shafa a jiki, kuma Buzayen da ke sayen ta haka suke son ta. In ka gama naka ka kai wa masu bugu.

TAMBAYA, daga wata amarya a Ɗorayi: Na yi kujerar taya, na naɗe ta da igiya da gam ɗin bindiga. Da zafi ya shigo sai igiyar ta fara warwarewa. Kuma igiyar ta ƙare mini sau biyu kafin in gama.

AMSA: 'Yar'uwa, gam ɗin bindiga da zafi ake narkar da shi, kuma zafin Kano na watan Afrilu a jikin baƙar taya ya isa ya sassauta shi. Dama can ba ya riƙe roba da kyau. Ki yi amfani da gam ɗin masu takalmi. Ki wanke tayar da garin sabulu da buroshi, ta bushe sarai har ciki, ki goge ta da samfefa mai kaushi don gam ya sami abin kamawa. Ana shafa shi a jikin tayar da jikin igiyar duka biyu, a jira minti 10 zuwa 15 har ya daina bin yatsa, sannan a manna a danna. Wanda ya manna da ɗanyen gam zai ga ya saki. Ki riƙa yi kaɗan-kaɗan, zagaye huɗu ko biyar a lokaci guda, a waje inda iska ke kaɗawa kuma nesa da wuta.

Kafinta ya yanka miki filawud biyu masu da'ira, a ɗaure su sama da ƙasa da sukuru shida-shida. Rufe ƙasan ba ado ba ne. Buɗaɗɗiyar taya matattarar ruwa ce da sauro. Naɗin daga tsakiyar saman ake fara shi, kan igiyar a kafe shi da 'yar ƙusa. Ga tayar ƙaramar mota mai faɗin kusan santimita 60, igiya mai kaurin milimita 10 za ta ci wajen mita 70, mai milimita 8 kuma wajen mita 85. Ki saya gaba ɗaya daga naɗi guda, don launin igiya yakan bambanta.

TAMBAYA, daga wani mai koyon dukanci a Jakara: Na ji ana baƙanta fata da ruwan tsatsa. Na gwada a fata biyu, ɗaya ta yi baƙi ƙirin, ɗayar ko gezau. Wadda ta yi baƙin kuma daga baya ta yi tauri tana tsagewa a wurin ɗinki.

AMSA: Malam, fatun naka jimarsu ce ta bambanta. Ruwan tsatsa ba fenti ba ne. Baƙin yana fitowa ne in ƙarfe ya haɗu da sinadarin bagaruwa da ke cikin fatar, saboda haka fatar da majema suka jeme da bagaruwa, irin ta Ƙofar Wambai, ita ce ke karɓa. Yawancin fatar manyan kamfanoni da gishirin kurom ake jeme ta, babu abin da ƙarfen zai haɗu da shi. Ka yanki gefen fata ka duba cikinta: ta bagaruwa ruwan ƙasa ce mai haske, ta kurom kuwa toka-toka ce mai ɗan shuɗi. Ko ka ɗiga ruwan tsatsar a bayanta ka jira minti ɗaya.

Haɗin kuwa: tsofaffin ƙusoshi ko garin ƙarfe na wurin masu walda cikin hannu ɗaya, a wanke maiƙonsu, a zuba a ruwan kal rabin lita, ko ruwan tsamiya mai kauri. Kwalbar kada a ɗaure murfinta, don haɗin yana fitar da iska. Bayan sati ɗaya a tace da ƙyalle. Ka ɗan jiƙa fatar kafin ka shafa, don ya bazu daidai. In baƙin ya fito toka-toka, bagaruwar da ke fatar ce ta yi kaɗan: ka jiƙa dakakkiyar bagaruwa a ruwan zafi, ka shafa wannan ruwa tukuna, sannan na tsatsa.

Taurin da tsagewar daga tsamin da ka bari a ciki ne, da rashin mai. Da zarar baƙin ya kama, ka ɗauraye fatar da ruwa lita ɗaya da aka narka ƙaramin cokali ɗaya na bakin soda (ta girki, ba sodar rini ba) a ciki, a gurguje, ka bi da ruwa zalla. Ta bushe a inuwa, ba a rana ba. Tun tana da sauran danshi ka shafa man kaɗe ko man gyaɗa kaɗan, ka murza ta tsakanin hannuwa har ta saki. Mai in ya yi yawa yakan yi ɗoyi, kuma da damina shi ke kiran fumfuna.

Ɗinkin ma da nasa laifin. Fatar akuya tana da ƙarfi ga rashin kaurinta, ba banza ba jar akuyar Sakkwato ta yi suna har Turai, inda aka daɗe ana kiran fatarta ta Maroko saboda ta can take bi. Amma in ramukan suka matsu, ka yi mata layin yagewa da hannunka. Ka bar milimita 3 zuwa 4 daga baki, haka kuma tsakanin rami da rami. Ka huda duka da basilla kafin ka fara, ka ja zaren a jikin kakin zuma, ka ɗinka da allura biyu, ɗaya a kowane ƙarshen zare guda, suna saɓawa a cikin kowane rami. Irin wannan ɗinki ko zare ya tsinke a wuri ɗaya ba ya warwarewa. A ƙarshe ka koma baya rami biyu maimakon ƙulli.

TAMBAYA, daga wata mai shagon kayan ado a titin Gidan Zoo: Ina son in yi fitilun ƙwarya, masu ramuka da haske ke fitowa ya zana bango. Uku na fasa wajen hudawa, ɗaya kuma wani gari yake zubowa daga jikinta.

AMSA: Hajiya, wannan gari aikin ƙwari ne da ke cin ta daga ciki. Ki ware ta daga sauran yau ɗin nan. Ki ƙulle ta a baƙar leda ki ajiye a rana kwana biyu ko uku, ko a firiza kamar sati ɗaya in wuta ta samu. In ƙananan ramukan sun yi yawa, ba ta da sauran ƙarfin da za ta ɗauki huda.

Nasarar wannan aiki a kasuwa ake samun ta, wurin zaɓe. Ki ƙwanƙwasa da farce: wadda ta ƙosa a jikin duma ta bushe sarai tana amsawa da ƙara mai kaifi, ɗanya-ɗanya kuwa dum take yi. Ki duba kaurin baki, kada ya gaza milimita 4. Ki ɗaga ta saitin rana ki leƙa ciki. Inda haske ya ratso, nan ne za ta fashe. A gida ki goge bayanta da jiƙaƙƙen soson ƙarfe don fatar nan mai santsi ta fita, in ba haka ba fenti da man sheƙi ɓarewa za su yi. Ki kankare cikin da cokali, ki bi da samfefa, da takunkumi a hanci, don ƙurar ƙwarya tana shaƙe ƙirji.

Zanen da fensir ake fara shi. Dagi yana kyau ƙwarai a fitila, don layukansa masu saƙa da juna suna fita sosai a bango. Ki sa ɗigo a duk inda rami zai zauna, ki bar tsakanin rami da rami aƙalla faɗin ramin sau biyu, kuma ki nisanci baki da santimita biyu. Fashewa tana zuwa ne daga dannawa da ƙarfi, da dasasshen bakin inji, da kuma riƙe ƙwarya a kan siminti. Ki ɗora ta a kan matashi ko cinya. In da injin huda za ki yi, daga waje zuwa ciki, baki mai milimita 2 zuwa 4, ki bar injin ya ci da kansa. Mu dai mun fi ba mai farawa shawarar ƙusa mai zafi: a sa ƙusoshi uku ko huɗu a garwashin gawayi, a riƙa ɗauka da filaya ana hudawa ɗaya bayan ɗaya. Wuta ba ta tsaga ƙwarya, kuma tana barin ɗan baƙin zobe a bakin kowane rami wanda shi kansa ado ne da rana.

Waɗanda suka tsage kada ki yar. Dabarar gyartai ce: a huda ɗan rami daidai inda tsagar ta tsaya don kada ta ci gaba, a huda biyu-biyu a gefunanta a ɗinke. Da zare mai launi ɗinkin yakan shiga cikin zanen.

Ƙwan LED kaɗai za ki saka, mai wat 3 zuwa 5. Tsohon ƙwai mai zafi zai ƙona ƙwaryar, kuma haɗarin gobara ne. Mai garai-garai, wanda ake ganin cikinsa, ya fi zana bango da kaifi. Mai farin gilashi watsa hasken yake zanen ya dushe. Ki bar tazarar yatsu uku tsakanin ƙwan da jikin ƙwarya, da ramuka a can sama don zafi ya fita, haɗa wayar kuma ki ba mai gyaran wuta.

TAMBAYA, daga wani gardi a Dala: Allah ya gafarta malamai, tawadar da na haɗa don zayyanar allon sauka tana ɓarewa in ta bushe. Ta abokina kuma gogewa take a hannu.

AMSA: Allah ya ƙara sani, Malam. Ciwonku ɗaya ne ta fuska biyu: taka ƙaro ya yi mata yawa, tasa ya yi kaɗan. Ƙaro shi ke riƙe baƙin a jikin allo. In ya wuce kima sai ta yi ƙyalli, ta ja jiki wurin bushewa, ta tsattsage ta ɓare.

Ka nemi ƙaron dakwara mai haske, ka daka, ka jiƙa awo ɗaya a ruwan ɗumi awo uku ya kwana, ka tace. Baƙin kuwa, na gindin tukunya ko gawayin da aka niƙa aka tankaɗe da ƙyalle mai laushi. Awo ɗaya na baƙi, awo biyu na ruwan ƙaro, a yi ta niƙawa da bayan cokali a faranti har ka daina jin tsaki-tsaki, sannan a sassauta da ruwa daidai yadda alƙalami zai ja. Ka ja layi a gefen allo ya bushe, ka murza da yatsa. In ya shafa, ƙara ruwan ƙaro kaɗan. In ya yi ƙyalli yana tsagewa, ƙara baƙi da ruwa. Taka ta yanzu haka za ka gyara ta, ko ku haɗa taka da ta abokinka ku gwada.

Allon ma a duba shi. Sabon allon aduwa da aka shafa wa mai don ya yi kyau a kasuwa ba ya riƙe tawada. A wanke shi, ya bushe, a bi shi da samfefa mai laushi. Wurin cike gidajen zayyana, a bar launi ɗaya ya bushe kafin a sa na kusa da shi, baƙin layi kuma a sake bin sa a ƙarshe. Rawayar kurkum tana da kyau ranar farko amma haske yana cinye ta, saboda haka allon da za a rataye a ɗaki shekara da shekaru a nema masa launin ƙasa, ja da rawaya, a haɗa su da ruwan ƙaron nan. Tawadar ƙaro tana tsami da zafi, don haka ka haɗa wadda za ta ishe ka sati ɗaya kawai, ka jefa ƙwayar kanumfari biyu ko uku a cikin kurtun, ka riƙa rufe shi.